Wa Aka Rubuta Wa? Tarken Kasafin Kuɗin Nijeriya a Shekarar Korona

Gabatarwa

A daren 27 ga Afrilu, 2020, kwana huɗu da kama azumi, muna zaune a tsakar gida bayan shan ruwa muka saurari jawabin Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, wanda a cikinsa ya ba da umarnin a rufe Kano ruf har tsawon mako biyu. Kafin wannan dare mun riga mun shafe kwanaki a cikin kullen da gwamnatin jiha ta sanya, ni kuwa tun watan Maris nake zaune a gida, domin yajin aikin malaman jami'a da annoba sun haɗu sun rufe mana aji. Da aka gama fassara jawabin a rediyo, sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda sana'arsa turin baro ce a kasuwar Singa, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, tunda kai ne mai boko a gidan nan, faɗa mini, a duk wannan dogon bayani ina aka ce za mu ci?" Na ce, "Kawu, an ce akwai tallafi yana tafe." Ya yi murmushi, bai ƙara cewa komai ba.

Wannan tambaya ce ta kai ni ga karanta takardun da gwamnatin tarayya ta fitar a waccan shekara: kasafin kuɗin 2020, da gyaran da aka yi masa, da kuma shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3. Ni ɗalibin adabi ne, abin da aka koya mini shi ne in ɗauki matani in tambaye shi jigonsa, da taurarinsa, da salonsa, da zubi da tsarinsa. Na ga kuwa kasafin kuɗi ya cancanci irin wannan tarke, domin shi ma rubutu ne da wasu suka zauna suka tsara, suka zaɓi wanda za su ambata da wanda za su tsallake. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, babban aibin waɗannan takardu ya wuce ƙarancin kuɗi. An rubuta su ne da wani ɗan Nijeriya a zuciya, mai albashi, mai asusun banki, mai takardar rajista, alhali mafi yawan waɗanda kulle ya hana fita neman abinci ba su da ko ɗaya daga cikin ukun.

Matanin farko da zaton da aka gina shi a kai

An sanya wa kasafin kuɗin 2020 hannu a ranar 17 ga Disamba, 2019, a kan naira tiriliyan 10.59. An yi murna da shi a lokacin, saboda ya mayar da ƙasar ga tsarin shekarar kasafi daga Janairu zuwa Disamba, bayan shekarun da ake kaiwa tsakiyar shekara ba a sanya hannu ba. Sai dai duk wannan gini a kan zato uku ya tsaya: za a sayar da gangar ɗanyen mai a kan dala 57, za a haƙo ganga miliyan 2.18 a kullum, kuma dala za ta tsaya a kan naira 305. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke hannun Nijeriya ita kaɗai.

An samu mutum na farko mai ɗauke da cutar a Legas a ƙarshen Fabrairu. A ƙarshen watan Maris aka ba da umarnin rufe Legas da Ogun da Abuja. Da masana'antun duniya suka tsaya, jiragen sama suka daina tashi, sai buƙatar mai ta faɗi warwas, har farashin ganga ya sauko ƙasa da dala 20 a watan Afrilu. Ga ƙasar da kusan rabin kuɗin shigar gwamnatinta, da kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin ƙetaren da take samu ta hanyar fitar da kaya, duk daga mai suke fitowa, wannan daidai yake da a ce fara ta sauka a gona ana gab da girbi.

Manomin da ya san hali ba ya cinye hatsinsa a kaka. Yana da rumbu, yana kuma da iri da ba a taɓawa ko yunwa ta yi tsanani. Nijeriya ma ta taɓa gina irin wannan rumbu a 2004, wato Asusun Rarar Man Fetur, inda ake zuba abin da ya haura farashin da aka yi kasafi a kansa. A 2008 asusun ya kai kimanin dala biliyan 20, kuma shi ya taimaka wa ƙasar ta tsallake rikicin kuɗin duniya na wancan lokaci. Amma a farkon 2020, da aka ɗaga murfinsa, abin da ya rage bai wuce dala miliyan 72 ba. Gwamnatoci daban-daban, na tarayya da na jihohi, na jam'iyyu daban-daban, sun yi ta ɗiba a shekarun yalwa. Saboda haka tun kafin annoba ta rubuta babinta, an riga an yage shafin da za a dogara da shi. Wannan ne ya sa ƙasar ta nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ya amince mata da rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 a ranar 28 ga Afrilu.

Gyaran fuska: abin da ya tsuke da abin da bai motsa ba

A ranar 10 ga Yuli, 2020, aka sanya hannu a kan kasafin da aka yi wa kwaskwarima. An sauko da farashin ganga zuwa dala 28, yawan haƙowa zuwa ganga miliyan 1.8, dala kuma ta koma naira 360. Abin mamaki ga mai karatu na farko shi ne jimillar ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi zuwa naira tiriliyan 10.81. A ƙa'ida wannan ba laifi ba ne, domin gwamnatin da ta tsuke bakin aljihu a lokacin da jama'a suka rasa abin kashewa ta ƙara wa wuta fetur. Tambayar ita ce ina kuɗin suka nufa.

A cikin sabon matanin, biyan bashi ya ɗauki fiye da naira tiriliyan 2.9, yayin da dukkan manyan ayyuka, da hanyoyi da asibitoci da madatsun ruwa da makarantu, suka samu ƙasa da tiriliyan 2.5. Wato mai bin bashi ya fi dukkan gine-ginen ƙasa girman kaso. Ga kuma wani abu da ya fi ɗaure kai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kamar yadda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi kashi 2 domin ilimi a matakin tushe. Da yake kason ya rataya ne a kan kuɗin shiga, da kuɗin shiga suka faɗi sai shi ma ya faɗi tare da su. A daftarin gyaran da aka miƙa wa majalisa, kason ƙananan asibitoci ya sauko daga kimanin naira biliyan 44 zuwa kimanin biliyan 25. Dokar da aka yi don ta kare asibitin ƙauye sai ga shi ta zama igiyar da ta shaƙe shi a daidai shekarar da aka fi buƙatarsa.

Mai kare gwamnati zai ce lissafi ne ya yi aikinsa, babu hannun kowa. Amma wanda ya iya sauya farashin ganga da alƙalami zai iya rubuta layi ɗaya ya ce kason lafiya kada ya sauka ƙasa da abin da aka fara warewa. Kuma wannan kasafi ne da tun asali ya ware naira biliyan 37 domin gyaran ginin Majalisar Dokoki ta Tarayya, adadin da sai da jama'a suka yi ta ƙorafi aka zaftare shi. Tun a 2001 ƙasashen Afirka suka yi alƙawari, a Abuja ɗin nan, cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. A kasafin 2020 na ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron, kason lafiya bai kai kashi 5 ba.

Jigo da warwararsa

A ranar 24 ga Yuni, 2020, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki da kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya tsara. Jigonsa a fili yake: a samar da ayyukan yi ta hanyar noma da gine-gine da kayan cikin gida. Ya yi alƙawarin gidaje 300,000, da wutar hasken rana ga gidaje miliyan 5, da faɗaɗa noma a kowace jiha, da ayyukan wucin gadi ga mutum 774,000, da asusun naira biliyan 75 domin ceto ƙananan sana'o'i. A takarda babu wanda zai ƙi ko ɗaya daga cikinsu.

Tushen wannan tunani sananne ne. Masanin tattalin arzikin Ingila John Maynard Keynes, a littafinsa na 1936, ya nuna cewa idan jama'a suka daina saye, 'yan kasuwa suka daina zuba jari, to wajibi ne gwamnati ta kashe kuɗi, domin nairar da ta biya birkila za ta je hannun mai tuwo, daga nan ta je hannun mai hatsi, haka take ta yawo tana haihuwa. Sai dai cutar da Keynes ya yi wa magani dabam take da ta 2020. A zamaninsa mutane sun daina saye don ba su da kuɗi ko sun ji tsoro. A 2020 doka ce ta rufe kasuwa ta ce kowa ya zauna a gida. Mutumin da aka hana fita, abinci yake buƙata a yau ɗin nan, aikin ginin gidan da za a fara baɗi bai amfane shi da komai ba. Shirin ya gauraya abubuwa biyu da ya kamata a bambanta: agajin gaggawa, da farfaɗowa ta dogon zango. Ya ba na biyun mafi yawan shafukansa, na farkon kuwa ya bar shi a gefen takarda.

Idan aka warware adadin ma, sai a ga bai kai yadda yake ƙara a kunne ba. Daga cikin tiriliyan 2.3, naira biliyan 500 ne kuɗin da gwamnati ta ware kai-tsaye. Kimanin tiriliyan 1.1, wato kusan rabi, rance ne da Babban Bankin Nijeriya zai bayar ta hannun bankuna, sauran kuma ana sa ran su daga masu ba da lamuni na ƙetare da wasu kafofi. Biliyan 500 idan aka raba wa mutum miliyan 200, kowa zai tashi da naira 2,500. Jimillar shirin gaba ɗaya ba ta kai kashi 2 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Rance kuwa, ko da an sauko da kuɗin ruwansa daga kashi 9 zuwa kashi 5 kamar yadda Babban Bankin ya yi wa basussukansa na tallafi, ba ya zuwa sai ga wanda banki ya sani. Banki bai san kawuna ba.

Taurarin labarin

A kowane ƙagaggen labari ana gane inda zuciyar marubuci take ta hanyar duba wanda ya ba suna da murya. A 2020 ɗin nan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kashi 40.1 cikin 100 na 'yan ƙasa, kimanin mutum miliyan 82.9, suna cikin talauci, kuma ba a haɗa da jihar Borno ba. A Sakkwato da Taraba da Jigawa adadin ya kai kashi 87, a Legas kuwa bai kai kashi 5 ba. Waɗannan su ne ya kamata su zama manyan taurari.

Amma rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa, wadda ita ce ƙofar da za a bi a kai musu kuɗi, gidaje miliyan 2.6 kawai ta ƙunsa lokacin da annoba ta shigo, sannan aka ba da umarnin a ƙara miliyan ɗaya. Ko da an ɗauka kowane gida yana da mutum shida, miliyan 3.6 ba za su haura mutum miliyan 22 ba, wato kusan ɗaya cikin huɗu na matalautan da hukumar gwamnati da kanta ta ƙirga. Tallafin kuma naira 5,000 ne a wata ga gida guda, wanda aka haɗa na wata huɗu aka biya 20,000. Naira 5,000 a wata bai kai 170 a rana ba. Ga kuma wani giɓi: an gina rajistar ne tun asali da talakan karkara a zuciya, alhali kulle ya fi cizon talakan birni, wanda ba shi da gona ba shi da rumbu, sai abin da ya samo da rana ya ci da dare. Ɗan dako a Kantin Kwari, da mai shayi, da direban adaidaita sahu, da mai wankin hula, da matar da ke aiken 'yarta da tallan awara, ba su cikin rajistar matalauta, ba su kuma cikin rajistar kamfanoni. A tsakanin littattafan biyu suka faɗa.

Asusun ceto ƙananan sana'o'i ya yi ƙoƙarin kai hannu gare su, domin ya tanadi naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da masu sufuri, da rajistar sunan kasuwanci kyauta ga mutum 250,000. Wannan abin yabawa ne. Sai dai ɓangarensa na taimakon biyan albashi ya buƙaci takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, da lambar BVN, da cike fom a intanet, kuma sai a watan Satumba aka buɗe shafin, wata biyar bayan lokacin da yunwa ta fi tsanani. Na ga yadda samarin unguwarmu masu manyan wayoyi suka zama 'yan tsakani, suna cike wa dattawa fom a kan lada. Na cike wa mutane da dama da kaina, kuma na lura cewa wanda ya fi buƙata shi ne ya fi rasa abin da fom ɗin ke tambaya.

Shirin ayyuka 774,000 kuwa ya raba mutum 1,000 ga kowace ƙaramar hukuma, ana biyan naira 20,000 a wata na tsawon wata uku, ƙasa da mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sanya wa hannu a 2019. Rabon ya yi kama da adalci, amma ƙaramar hukumar Alimosho a Legas, wadda tun ƙidayar 2006 ta haura mutum miliyan ɗaya, kasonta ɗaya da ƙaramar hukumar da ba ta kai ɗaya cikin goma nata ba. Ba a duba yawan jama'a ba, ba a duba zurfin talauci ba, an duba taswirar siyasa. Da batun wanda zai zaɓi sunaye ya taso, sai ƙaramin ministan ƙwadago Festus Keyamo da 'yan majalisa suka yi cacar baki a bainar jama'a a ƙarshen watan Yuni, shirin kuma bai fara aiki ba sai Janairun 2021.

Akwai kuma tauraron da matanin bai ambata ba sam. A watannin Afrilu da Mayu gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali, wasu ma aka same su ɗauke da cutar bayan sun isa. Yaran da ba su cikin rajistar kowa sun zama kaya da ake miƙawa daga iyaka zuwa iyaka.

Salo da sarrafa harshe

An rubuta dukkan waɗannan takardu da Turanci, Turancin ma na masana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wanda ake magana da shi: masu ba da lamuni, da masu zuba jari, da 'yan jarida. Wanda ake magana a kansa sai dai ya tsinci guntun fassara a rediyo. Kalmar da ta fi shahara a shekarar, wadda har ta shiga bakin mutane ta zama "faliyatif", asalinta daga likitanci ne, kuma tana nufin maganin da ke rage raɗaɗi ba tare da ya warkar da cuta ba. Ban san kalmar da ta fi wannan faɗin gaskiya ba tare da niyya ba.

A Hausa aka fassara ta da "tallafi", wani lokaci "kayan agaji". Duka biyun suna ɗauke da ma'anar kyauta daga mai shi zuwa ga marar shi, wanda aka ba kuma sai ya yi godiya. Amma idan hukuma ce ta hana mutum fita neman halalinsa domin maslahar kowa, abin da za ta ba shi haƙƙi ne, diyya ce ta ranakun da ta karɓe masa. Bambancin kalmomin nan yana da sakamako. Mai jiran kyauta ba ya tambayar adadi, ba ya tambayar rana, idan aka tsallake shi sai ya ce ba rabonsa ba ne. Mai bin haƙƙi yana da bakin tambaya. Kasafin da ya kira kansa tallafi ya riga ya sauke wa kansa nauyin ba da bahasi.

Zubi da tsari

Labari mai kyau sassansa ba sa ƙaryata juna. A nan kuwa hannun dama yana miƙawa, na hagu yana karɓewa. Tun 1 ga Fabrairu, 2020, harajin sayen kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. Iyakokin ƙasa na tudu, da aka rufe tun Agustan 2019, ba a buɗe su ba sai Disamban 2020. Litar fetur da aka sauko da ita daga naira 145 zuwa 125 a watan Maris ta haura 160 kafin shekara ta ƙare, kuɗin wutar lantarki kuma ya tashi a watan Satumba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa idan aka ɗauke shi shi kaɗai, amma da suka taru a kan mutum ɗaya a shekara ɗaya sai suka cinye ɗan abin da aka ba shi. A Disamban 2020 hauhawar farashi ta kai kashi 15.75, ta abinci kuwa ta haura 19. Rashin aikin yi ya tashi daga kashi 27.1 a zango na biyu na shekarar zuwa 33.3 a zango na huɗu.

Ƙololuwar labarin ta zo a watan Oktoba. Bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Ilori da Jalingo da Yola da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan shinkafa da sukari da katan-katan na taliya, da yawansu ɗauke da tambarin CACOVID, gamayyar manyan 'yan kasuwa da ta tara gudummawa domin yaƙar annobar. Ƙungiyar gwamnoni ta ce wasu kayan an ajiye su ne domin zagaye na biyu na cutar, wasu kuma ba su daɗe da isowa ba. Ba na halatta wawaso, an yi ɓarna har da dukiyar waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Amma ko da bayanin gwamnonin gaskiya ne, ya tabbatar da zargin da nake yi: babu jerin sunaye da aka wallafa, babu ranar rabo da aka sanar, babu wanda ya san abin da ke cikin rumbun unguwarsa. Inda aka ɓoye lissafi, zato ne ke cike gurbinsa.

Adalci ga marubutan

Mai tarke da bai faɗi alherin matani ba, ƙiyayya yake yi. Waɗanda suka tsara waɗannan takardu sun yi aiki ne cikin ƙunci na gaske. Harajin da Nijeriya ke tarawa, idan aka auna shi da girman tattalin arzikinta, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Amurka ta iya fitar da dala tiriliyan 2.2 a watan Maris kaɗai, Birtaniya ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida, domin suna cin bashi da kuɗinsu a farashi mai sauƙi, kuma sun san sunan kusan kowane ma'aikaci. Gwada Nijeriya da su zalunci ne. Haka kuma tattalin arzikin da ya tsuke da kashi 6.10 a zango na biyu, da 3.62 a na uku, ya ɗan ɗago da kashi 0.11 a na huɗu, da wuri fiye da yadda da yawa suka zata. An kuma fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbun ƙasa, an buɗe ɗakunan gwajin cutar a jihohin da a da ba su da ko ɗaya.

Sai dai akwai ma'aunin da ya fi dacewa, kuma yana nan kusa. Togo, wadda ba ta da man da za ta sayar, ta ƙaddamar da shirin Novissi a watan Afrilun 2020. Mai ƙaramar sana'a yana danna lambobi a ƙaramar wayarsa, ya shigar da lambar katin zaɓensa, idan ya cancanta kuɗi su shigo masa ta waya, kuma kason mata ya ɗara na maza. Dubban ɗaruruwan mutane suka amfana cikin makonni. Shirin yana da nasa aibin, domin wanda ba shi da katin zaɓe ya rasa. Amma ya fara ne da tambayar da ta dace: wace takarda ce talaka ya riga ya mallaka? Namu ya fara da tambayar wace takarda ce talaka zai nemo.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan karatu shi ne, ba a gina ƙofar rumbu ranar da yunwa ta iso. Idan ana son annoba ta gaba, ko ambaliya, ko faɗuwar farashin mai, ta tarar da matani dabam, akwai abubuwa huɗu da za a rubuta tun yanzu. A kafa wa asusun rara dokar da za ta hana ɗibarsa a shekarun yalwa. A sanya wa kason lafiya da ilimi ƙasan da ba za su faɗa ƙarƙashinsa ba ko kuɗin shiga sun ragu. A gina rajistar da ta san talakan birni, ta hanyar ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da masu unguwanni da suka riga suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, a kuma riƙa sabunta ta. Sannan a wallafa kowane rabo, da adadinsa da ranarsa da mazaɓarsa, cikin harsunan da mutane ke ji, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar gidan mai unguwa.

Da aka fara sassauta kullen Kano a ranakun Litinin da Alhamis, kawuna yakan fita da baronsa tun kafin lokacin buɗe kasuwa, domin ya yi aikin mako guda cikin 'yan sa'o'i. Abin da ya riƙe gidanmu a waccan shekara shi ne adashin mahaifiyata, da bashin mai kantin unguwa, da zakkar fid-da-kai da maƙwabta suka aiko. Bayan shekara biyu, lokacin da nake tattara bayanan wannan maƙala, ya tarar da ni da takardu baje a kan tabarma, ya tambaye ni abin da nake nema. Na ce, "Kawu, amsar tambayarka ta daren nan nake nema." Ya ce, "To, ka samo?" Na ce, "Na duba kowane shafi, Kawu, ban ga sunanka ba." Ya ce, "To idan kai ka tashi rubuta naka, ka sa."